Dole ne wanda ya bar nama da madara ya riƙa shan ƙwayar kalsiyam?

Malam Sani: Jama'a, ina nan kan bakana. Duk wanda ya ƙaurace wa nama da madara ya koma cin tsirrai zalla, wajibi ne ya riƙa shan ƙwayar kalsiyam kullum. Kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Idan abinci bai kawo ba, daga ƙashin jiki yake ɗiba don kada jini ya rasa, kuma ba abin da za ka ji sai ranar da ka faɗi ƙugu ya karye.

Auwal: Allah ya gafarta Malam, ai ganye cike yake da kalsiyam. Saniyar da ke ba da madarar ma ciyawa take ci.

Hajiya Bilki: Auwal, ita saniya wuni take tana kiwo, kai kuwa faranti ɗaya ne. Kuma ba kowane ganye ba. Alayyafo yana da kalsiyam, amma akwai sinadarin okzalet a cikinsa da ke riƙe shi, abin da hanji ke iya tsotsa bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Na madara kusan kashi 30 ne. Dangin kabeji irin su burokoli sun fi madarar ma sakin nasu, sai dai a ciki kaɗan ne, sai ka ci tuli.

Malam Sani: Madalla, Hajiya. Ga kuma binciken Jami'ar Oxford da ya fito a 2020, wanda ya bi mutum kusan 55,000 a Birtaniya wajen shekara 18. Waɗanda ba sa cin komai na dabba sun fi masu cin nama karyewar ƙugu fiye da ninki biyu. Me ya rage?

Dakta Hauwa: Da sauran magana, Malam. Ka haɗa mutum biyu a buhu ɗaya. Wanda ya bar nama amma yana shan madara daban, wanda ya bar duka daban. Na farkon kofi ɗaya na madara yana ba shi kusan miligiram 300, babba kuwa 1,000 yake buƙata a rana a lissafin Amurka, 700 a na Birtaniya. Ina dolen ƙwaya a nan? Sannan binciken da ka kawo bai ɗora laifin duka a kan kalsiyam ba. Waɗanda ba sa cin komai na dabba sun fi sauran ramewa, furotin ɗin da suke ci ma ya fi ƙaranci, kuma ko da aka cire tasirin kalsiyam, bambancin bai ɓace ba.

Malam Sani: To ko da haka ne, Dakta, wa ƙwayar ta taɓa cutarwa? Rigakafi ya fi magani.

Dakta Hauwa: Nan ne nake ja da kai. A 2006 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka: mata fiye da 36,000 da suka daina al'ada, rabinsu na shan miligiram 1,000 na kalsiyam da bitamin D kaɗan, kimanin shekara 7. Karyewar ƙugu ba ta ragu yadda za a kafa hujja da ita ba, amma tsakuwar ƙoda ta ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. Abin mamakin, kalsiyam na abinci rage tsakuwar yake, don yana kama okzalet tun a hanji. A 2010 kuma masu bincike a New Zealand suka alaƙanta ƙwayar da ƙarin haɗarin ciwon bugun zuciya. Wannan har yau masana ba su daidaita a kai ba, ni ma ba na tsorata mutane da shi.

Auwal: Ashe dai ni ne da gaskiya.

Dakta Hauwa: Kai ma ba ka tsira ba. A Faransa, a 1992, an ba tsofaffin mata mazauna gidajen kula da tsofaffi kalsiyam da bitamin D, karyewar ƙugu ta ragu sosai. Su da ma a rashe suke. Mai rashi ƙwaya tana yi masa aiki, wanda ya ƙoshi kuwa ƙodarsa kawai ya ƙara wa wahala. Kai da ka bar madara kana dogara da alayyafo, ina zargin cikin masu rashin kake.

Anti Rabi: Dakta, ni da madara ke ɓata wa ciki fa?

Dakta Hauwa: Anti, ki nemi madarar soya wadda aka ƙara wa kalsiyam, ki girgiza kwalin kafin ki zuba, don yana kwanciya a ƙasa. Ki lissafa abin da kike samu a rana. In akwai giɓi, giɓin kaɗai za ki cike da ƙwaya, kuma kada ki wuce miligiram 500 a sha ɗaya. Ƙwayar iri-iri ce: mai sinadarin kabonet da abinci ake shan ta, mai sinadarin sitiret ko ba abinci. In kina shan maganin ƙarin jini ko na maƙoƙo, ki raba lokacinsu, don kalsiyam yana tare su.

Malam Sani: Na janye kan mai shan madara. Amma wanda ya bar duka, mutum nawa ne za su zauna suna lissafin miligiram? Ni dai gara ya sha.

Hajiya Bilki: Kuma duk kun manta da tafiya da ɗaukar nauyi da hasken rana. Auwal, yaushe rabonka da fita?

Auwal: Hajiya, a bar wannan maganar.