Fayawol: "katangar wuta" ko "ganuwa"?

1/ Jiya wani yaro da ke koyon aiki a hannuna ya nuna ɗan akwatin da ke tsakanin wayoyin kwamfutocin ofis da na ɗakin sarrafa injina, ya ce, "Oga, wannan fa?" Na ce fayawol ne, mai tantance saƙonnin da ke wucewa tsakaninsu. Ya ce, "Da Hausa fa?" Har na buɗe baki zan ce katangar wuta, sai na fasa.

2/ Asalin kalmar daga gini ne: bangon da ake tsayarwa don kada gobara ta tsallaka ɗaki na gaba. Amma mu a masana'anta, wuta lantarki ce. Ka ce wa ma'aikaci "katangar wuta ta faɗi", mitar lantarki zai je dubawa. Wani kuma zai ɗauka katangar ce aka yi da wuta. Ni dai na cire ta.

3/ An kawo mini "garkuwa". Tana da daɗin faɗa, amma garkuwa tare komai take yi, ba ta da ƙofa. Shi kuwa wannan akwati aikinsa tantancewa: daga ina saƙon nan ya fito, ina za shi, ta wace ƙofa, an yarda masa?

4/ Shi ya sa na tsaya a kan GANUWA. Duk ɗan Bauchi ya san ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye gari da ita tana da ƙofofi: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nassarawa da sauransu. A zamanin da, ba a hana shiga gari, amma ba ta ko'ina ake shiga ba, kuma akwai mai tsaron ƙofa. Dokokin da injiniya ke rubutawa cikin akwatin su ne umarnin da aka ba mai tsaron. Wanda babu sunansa, ya koma.

5/ Injinanmu sun fi kwamfutar ofis buƙatarta. Yaren da da yawansu ke magana da shi, Modbus, tun 1979 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ya tambayar "wane ne kai?" Duk wanda muryarsa ta isa, in ya ce famfo ya tsaya, zai tsaya. Ku tuna ruwan Gubi da garin Bauchi ke sha, ko lantarkin Dadin Kowa. A Yukren, cikin Disamba 2015, ta imel ɗin ma'aikatan ofis maharan suka fara shiga, suka lallaɓa har ɓangaren sarrafawa, suka katse wa gidaje da wuraren sana'a sama da 200,000 lantarki ana tsakiyar sanyi.

6/ Kalmar ta zo da 'yar rakiya. Filin da ake warewa tsakanin ganuwar ofis da ta injina, inda ake ajiye bayanai kowa ya zo ya ɗauka ba tare da ya wuce ciki ba, ZAURE ne. Baƙo a zaure yake tsayawa. Da na faɗa wa yaron haka, bai sake tambaya ba.

7/ Wani zai ce ai da ɗan gari akan ci gari, kuma gaskiyarsa. Stuxnet, mugun shirin kwamfuta da aka gano a 2010 bayan ya lalata injinan cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran, filashi (ɗan abin ajiye bayanai da ake soka wa kwamfuta) na cikin hanyoyin yaɗuwarsa, kuma ganuwa ba ta laluben aljihu. Wannan wani aikin ne daban, shi ma yana jiran suna.

8/ Saura guda: "ganuwar intanet" ko "ganuwar sadarwa"? Na fi son ta biyu, don injinanmu ba su da abin yi a intanet tun farko. Mutanen Ashaka da Gombe, me kuke kiranta a wajenku?