Ta yaya haske yake sarrafa haske a cikin ƙaramin zobe?

Ɗalibi, Jidda: Assalamu alaikum, malamai. Ta yaya ɗan haske kaɗan yake buɗe wa wani hasken hanya ko ya toshe ta a cikin zoben silikon, ba tare da lantarki ba?

Injiniya, Makka: Wa alaikumus salam. Zoben bai kai kaurin gashin kai ba, amma haske yana ta kewayawa a cikinsa har ƙarfinsa ya taru, sai ya ɗan sauya saurin tafiyar haske a silikon ɗin, zoben ya daina karɓar hasken da yake karɓa a da. Ana danganta wannan tasiri da John Kerr, masanin kimiyya ɗan ƙasar Scotland.

Malama, Madina: Ƙanena, ka lura da zafi. Idan tsawon zangon hasken nanomita 1550 ne (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita), silikon yana shanye haske mai ƙarfi, ya ɗumama, sauyin ya riƙa tafiya a hankali. Shi ya sa na fi son silikon naitiraid, wato haɗin silikon da iskar naitirojin, wanda ba ya shanye hasken haka.