Motata tana shan ruwa, bakin mai kuma ya koma kamar kwalta: in buɗe inji ko in dakata?

Baban Ummi, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na sayi Corolla ƙirar 2004, inji 1.6, giyar hannu. Ta hannu ce, ta Duwala ta shigo, wani ya yi kusan shekara biyu da ita kafin ta zo hannuna. Da farko lafiya lau. Tun da zafi ya kama sai ta fara shan ruwa, duk kwana huɗu ko biyar sai na ƙara kusan lita guda, kuma na leƙa ƙasa ban ga ɗigo ba. Makon jiya a hanyar Ngaundere, ina cikin hawan falez, wato doguwar hanyar hawan dutsen nan, allurar zafi ta haura tsakiya, na faka na bari ta huce. Da na dawo na buɗe murfin mai, sai ga baƙin abu ya daskare a ciki kamar kwalta, a bayan murfin kuma ɗan fari-fari kamar kunun gyaɗa.

Makanike na farko ya ce juwan kulas, wato gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, a sauke kan inji. Na biyu ya ce a cire tamosta, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, a zuba gazal (man dizil) a inji a bar shi a kunne a tsaye ya wanke. Kuɗin na farko ba na wasa ba ne, na biyun kuma hankalina bai kwanta da shi ba. Don Allah me ya kamata in yi?

Direban Kusiri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, komai za ka yi, ban da gazal. Na taɓa yarda aka yi wa tawa, ko kilomita 50 ban yi ba fitilar mai ta kama, inji ya fara ƙwanƙwasa. Daga nan sai sayen wani injin.

Usta na Domayo, Marwa:
Baban Ummi, Allah ya sawwaƙe. Ka haɗa ciwo biyu a kwano ɗaya, bari mu raba su tukuna.

Baƙin nan mai kama da kwalta ba ruwa ba ne ya kawo shi. Tsohon mai ne da ya daɗe ba a yi juye ba, ko mai marar kyau, zafi ya dafa shi har ya daskare. Wannan gadon mai motar na baya ne. Farin kuma shi ne alamar ruwa ya taɓa mai. Amma ɗan fari a bayan murfi kaɗai ba hujja ba ce, don tururi yakan taru a nan idan mota tana gajerun tafiye-tafiye, ko bawul ɗin numfashin inji ya toshe, kuma injin da ya yi irin wannan datti da wuya ka samu bawul ɗinsa a buɗe.

Ka yi lissafi da kanka. Injin nan man da yake ci bai kai lita 4 ba. Da a ce litar ruwan da kake ƙarawa duk kwana biyar cikin mai take sauka, da tuni sandar awo ta nuna mai ya wuce alamar sama nesa, launinsa kuma ya zama kamar shayi da madara. Ka zaro ta ka duba. Sannan ka bar motar ta kwana, da safe a ɗan sassauta notin juye na ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, in yana ciki shi zai fara ɗigowa.

Akwai kuma ƙonewar juwan da ba ta haɗa ruwa da mai, sai dai ruwan ya shiga silinda ya fita ta salansa. Ita ma ana kama ta ba tare da an kwance komai ba. Da sassafe, inji da sanyi, ka buɗe murfin lagireto, ka cika ruwa har wuya, ka tada mota. In kumfa na tasowa a jere ba tsayawa, ko babban tiyo na sama ya yi tauri kamar dutse tun inji bai yi zafi ba, to iskar silinda ce ke shiga ruwa. Ka sa a ciro buji huɗun, wato fulogogi, a jera. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, alhali sauran da ɗan toka, silindarsa ce ke shan ruwa. Ka lura kuma ko tana kakkarwa a tashin farko, da farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama. Sai dai ina roƙonka, murfin lagireto ba a taɓa shi inji da zafi. Na ga yaron gareji da fatar hannunsa ta saɓule.

Hajiya Maman Sadik, Njamena:
Ni ba makanikiya ba ce, amma irin wannan ya same ni. Wata biyu muna neman inda ruwa ke zuwa, ashe ɗan lagireton hita ne da ke bayan dashbod yake yoyo a ƙarƙashin kafet. Mu da ba ma kunna hita ko da hunturu, wa zai kawo shi a ransa? Malam, ɗaga kafet ta gefen fasinja ka taɓa.

Ɗan Pitowa:
Kai, duk wannan doguwar hanya ce. A fasa ƙwai guda a lagireto ko a zuba garin barkono, yoyo zai tsaya. Tamosta kuwa ta ƙasar Turawa ce. A Garwa da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu me za ta yi mana?

Usta na Domayo, Marwa:
Ƙanena, ƙwan da ya toshe huda shi zai toshe siraran hanyoyin lagireto, sai ka gyara ɗigo ka sayi zafi. Ko a daji ne ka yi shi don ka isa gari, to washegari a wanke.

Tamosta kuma ba don ƙanƙara aka sa ta ba. Tana riƙe ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 kafin ta buɗe, don a nan yake aiki daidai. Ka cire ta, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, tururi da ragowar fetur su zauna a cikin mai. Ka ga ka ƙara wa kwaltar abinci. In ta maƙale, sabuwa ake sawa.

Abin da mutane ke rainawa shi ne murfin lagireto. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfin ne ke riƙe matsi wajen bar 1, sai tafasar ta ɗaga zuwa wajen 120. In robarsa ta mutu ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa tserewa ta robar ajiyar ruwa kana cikin tafiya, ka tsaya ba ka ga komai a ƙasa ba. Hawan falez daidai irin wurin da yake tona asirinsa ne. Haka famfon ruwa, yana da 'yar huda da yake zubarwa in ya fara gajiya, kuma sau da yawa sai inji na juyawa, ruwan ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya bushe. Baban Ummi, wane ruwa kake zubawa?

Baban Ummi, Garwa:
Na famfo, Usta, wani lokaci na rijiya.

Usta na Domayo, Marwa:
To shi ya sa ba ka ga sawu ba. Ruwan banza ba ya barin launi, sai tsatsa da farin gishiri a cikin lagireto. A zuba ruwan inji mai launi, duk inda yake fita zai bar tabo. In ka samu garejin da ke da famfon gwajin matsi, a ɗaura a bakin lagireto, a hura, a zuba wa allura ido. Minti goma sha biyar sun isa.

Baban Ummi, Garwa:
'Yan'uwa ga yadda ta kaya. Mai bai ƙaru ba, baƙi ne kawai. Ba ruwa a notin ƙasa, ba kumfa, buji huɗu launinsu ɗaya. Hajiya, kafet a bushe yake, na gode. Da aka hura matsi sai ga ɗigo a ƙasan famfon ruwa, robar murfin kuma ta tsattsage. An canza duka biyun. Saura kwaltar. Yaron gareji ya kawo wani maganin wanke inji na gwangwani, in yarda?

Usta na Domayo, Marwa:
Alhamdu lillahi. A injin da ya kai haka, ni ba na zubawa. Abin da ya kashe injin Direban Kusiri shi ne dattin ya ɓalle gaba ɗaya ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, mai ya daina hawa. A kwance karter, wato kaskon mai na ƙasan inji, a wanke shi da rariyar da hannu. A buɗe murfin saman inji a kankare abin da ya samu, a toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma kafin a fara, kuma a ƙirga tsummokaran a cire su duka. A canza bawul ɗin numfashi. Injinka mai sarƙa ne, kuma yana da VVT-i, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawuloli da matsin mai, akwai wata 'yar ƙaramar rariya a hanyar man da ke zuwa wurin, ita ma a ciro a wanke.

Daga nan sabon mai da sabuwar filta, ka yi juye bayan kilomita 1,000, ka sake bayan wata 1,500, ka ga yadda launin ke sauyawa. Man kuwa na galan mai hatimi daga gidan mai, ba na kwalba da ake aunawa a bakin titi kusa da masu sayar da fetur ɗin bumburutu, wato zuwa-zuwa, ba.

Amma ban sallami juwan ɗin gaba ɗaya ba, tunda ta taɓa yin zafi, kan injin nan kuma alminiyam ne, ba ya son haka. Ka ja layi da biro a jikin robar ajiya inji da sanyi, ka riƙa dubawa kowace safiya har sati biyu. In ruwan ya sauka ƙasa da layin, ka dawo mu yi maganar sauke kan, kuma in aka sauke sai an auna shi ko ya lanƙwashe kafin a ɗora sabon juwan.

Direban Kusiri:
Ka jira sati biyun su cika kafin ka sake tunkarar falez. In tafiyar ta zama dole, ka ɗauki galan biyar na ruwa a but, ka tashi da asuba.