Na yi ritaya daga koyarwa, ta ina zan fara yi wa jama'a hidima?

Tsohon Malami, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Na yi ritaya daga koyarwa a lakwal, kuma alhamdu lillahi fanshona da ɗan abin da ƴaƴa ke aikowa suna riƙe gidan. Damuwata ita ce, da na dawo daga sallar asuba babu wani abin da ke jirana har azahar, sai zaman majalisa da hirar da aka yi jiya, har na fara jin kamar amfanina a duniya ya ƙare. Wani aminina ya ce in nemi hidimar jama'a, amma ni ba attajiri ba ne da zan gina rijiya ko masallaci. Shin da gaske hidima tana mayar wa mutum da dalilin tashi da safe, ko kuwa hanya ce kawai ta kashe lokaci?

Hajiya ta Bagalam

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke hannunka ya fi kuɗi wuyar samu a wurinmu. Na daɗe cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Muna haɗuwa kowane mako, kowace mace ta zuba nata a akwati, a ba mai bukata rance, in zagaye ya cika a raba. Kuɗin namu ne, amma da yawa daga cikinmu ba su iya karatu ba, shi ya sa za ka ga mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli da mai, wadda take lissafin ribarta da ka ba tare da kuskure ba, tana miƙa wa yaron maƙwabta wayarta ya karanta mata nawa aka turo mata, asirinta kuma ya fita waje.

Shawarata ita ce ka sa rana da lokaci tsayayyu, ka shimfiɗa tabarma a zaurenka, ka koya wa manya karatu da lissafi da Hausa. Ka riƙe ranar da kyau, domin a iya sanina abin da ke riƙe zuciyar mutum shi ne a san lokacin zuwansa, in bai fito ba a aiko yaro ya tambayi ko lafiya.

Manomi daga Tibiri

Na yarda da Hajiya, sai dai ina so Malam ya shiga da sanin cewa godiya ba ta zuwa da wuri. Duk wanda ya yi noma a yankin nan ya san sassabin zamani, wato a bar tohon da ke fitowa daga kututture, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a sassabe sauran, maimakon a share gona ƙaf. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara aikin da manoma kaɗan a nan a 1983, kuma dariya aka yi musu, domin a lokacin gonar da ba a share ba gonar rago ce. Bayan yunwar 1984 mutane da yawa sun karɓi tsarin saboda abincin da ake bayarwa ga masu yin aikin, da abincin ya ƙare kuma da dama suka sare itatuwan. Waɗanda suka daure su ne maƙwabta suka gani da ido, suna samun itacen girki da ganyen dabbobi, hatsi kuma yana kyau a gindin gawo. Yau ana ƙiyasta tsarin ya kai kusan eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Idan ɗalibanka sun watse da faɗuwar damina saboda aikin gona, kada ka ɗauka aikin ya rushe.

Abu Maryam

Ni akwai inda nake da ja. Idan mutum ya shiga hidima domin ya yi maganin kewarsa, to ya mayar da mabukaci magani, kuma ranar da kewar ta tafi ko aka ɓata masa rai zai janye, ya bar mutanen da suka riga suka dogara da shi. Ayyuka suna bin niyya ne, saboda haka a gyara ta tun farko, a kuma kiyayi son a gani a yaba. Sannan kafin a nemi na nesa, Malam ya duba danginsa: akwai marayan da ya bar lakwal, ko tsohuwar da ba mai raka ta asibiti? Zumunta a ƙafa take. Idan kuma rashin jin daɗin ya kai ga hana barci ko cin abinci, a ga likita, kada a ce hidima za ta warkar da shi.

Ma'aikaciyar Jinya, Madarunfa

Baba, ba na ganin maganar Abu Maryam ta rushe ta Hajiya, domin mutane da yawa sun shigo aikin sa kai da kewa, aikin da kansa ya gyara musu niyya. Ga wani gurbi da ya dace da dattijon da iyayen yara suka sani. Kowace damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ana bin gida-gida sau ɗaya a wata ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Na ranar farko ana sha ne a gaban mai rabo, na kwana biyun da suka rage kuwa uwa ce ke bayarwa a gida, kuma a nan ake samun giɓi: wata ta manta, wata ta ajiye ƙwayar sai yaro ya kwanta, wani maigidan kuma ya hana saboda jita-jita. Maigidan da ba zai saurari yarinya mai rabo ba zai saurari malamin da ya koya wa ƴaƴansa. Ka je asibitin unguwarku kafin Yuli ka nemi shugabansa, ka gaya masa kana so a haɗa ka da masu wayar da kan jama'a, ka kuma sanar da mai unguwa kafin ka fara shiga gidaje.