Burkutuna na farko ya yi tsami kuma babu ƙarfi, ina na kuskure?

Jikar Kaka, Kafanchan:

Ina gaishe da iyayena da yayyena. Kakata ta yi shekaru tana dafa burkutu a ƙauyenmu, musamman lokacin gayya da bukukuwan ƙarshen shekara, amma ta rasu ban koya a hannunta ba, abin da yake damuna har yau. Makon jiya na gwada da jar dawa mudu uku. Na jiƙa ta kwana ɗaya, na baza a kan buhu na rufe, da na ga ta fara tsiro a rana ta biyu sai na shanya na kai inji. Na dama garin da ruwa, na ɗora shi duka a wuta har ya tafasa, da ya huce na zuba yis na burodi, na ɗura a jarka na ɗaure murfi. Bayan kwana biyu jarkar ta kumbura, abin da ke ciki kuwa ya yi kauri kamar kunu, ga tsami, babu zaƙi, babu ƙarfi. Don Allah a nuna mini inda na ɓata aikin.

Mama daga Pankshin:

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan kakarki. Kin yi gaggawa tun daga tsiro. Dawa tana bukatar kwana huɗu ko biyar a shimfiɗe cikin inuwa, kina yayyafa mata ruwa safe da yamma kina juya ta da hannu, har saiwarta ta sarƙe da juna, ki tauna ƙwaya ki ji ta yi laushi da ɗan zaƙi. Sai ki shanya ta ta bushe ƙayau, ki murza ki sheƙe tsiron da saiwar. Idan kika ga ta yi fumfuna, ki zubar da ita, kada ki ji ciwon asarar.

Babban kuskuren shi ne dafa komai a tare. Idan kin dama garin da ruwa a randa, ki bar shi ya kwanta na wasu sa'o'i, ki tsiyaye ruwan saman ki ajiye shi gefe ɗanye. Abin da ya kwanta a ƙasa shi kaɗai za ki dafa, kina tuƙawa da muciya don kada ya kama tukunya. Idan ya nuna ki sauke, ya ɗan sha iska, sannan ki mayar masa da ruwan da kika ajiye. Da idonki za ki ga kaurin yana sakewa. Ki bar shi ya kwana ya ɗauki ɗan tsami, washegari ki tace, ki sake tafasa shi da kyau. Sai ya huce sarai kafin ki zuba masa iri, wato ragowar burkutun da ke kan tashi. Ki roƙa wajen wata mai dafawa a unguwarku, ba za ta hana ki ba.

Malamin kimiyya, Jos:

Mama ta gama magana, ni dai zan ƙara dalilin da ya sa ake raba ruwan, domin wanda ya san dalili ba ya tsallake matakin. Yis ba ya iya cin sitaci, sukari yake ci ya mayar da shi barasa da iska. Lokacin tsiro ƙwayar dawa tana samar da sinadaran da ke narkar da sitaci su mayar da shi sukari, kuma waɗannan sinadarai suna narkewa cikin ruwan da aka dama garin da shi. Matsalar dawa ita ce sitacinta ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, zafin da ke fara kashe sinadaran, tafasa kuwa tana gamawa da su gaba ɗaya. Iyayenmu mata sun warware wannan tun kafin a san ma'aunin zafi, kuma ina ganin ba a ba su girman da suka cancanta ba. Da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya suka koma ga dawa, ita ce matsalar da suka yi ta fama da ita.

'Yar'uwa, ke kin kashe sinadaran, yis bai sami abinci sosai ba, ƙwayoyin da ke kawo tsami suka mamaye. Murza tsiron da Mama ta ambata ma yana da muhimmanci, domin ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da guba, ita ce ke illata dabbobin da suka ci ƙaramar dawa a gona. Kuma kada ki ƙara ɗaure murfin jarka, iskar tana iya fasa ta. Ki rufe bakin randa da tsabtataccen ƙyalle.

Ɗan'uwa mazaunin Sabon Gari, Kano:

Tun da masu karatu suna ko'ina, ya kamata a tuna cewa jihohin da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999 suna da dokoki kan barasa, kuma a nan Kano Hisba tana kamawa. Kowa ya san dokar inda yake zaune, ya kuma mutunta maƙwabtansa Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta musu ita.

Jikar Kaka, Kafanchan:

Na gode, Mama, na gode, Malam. Yanzu na tuna kakata tana ajiye wata ƙaramar randa gefe, tana hana mu taɓa ta. Idan na zuba irin, kwana nawa zan jira?

Mama daga Pankshin:

Idan kin zuba da yamma, da safe za ki ji randar tana shishita, kumfa ya taso. Ranar ko washegari ake shansa, domin bayan kwana biyu ko uku yakan koma tsami zalla. Ki fara da mudu ɗaya wannan karon, ki wanke randar da ƙwaryarki da tafasasshen ruwa, kuma ki jiƙa dawar tun saura fiye da mako guda kafin ranar da kike son a sha.