Eagles ɗin kakar 2024: Barkley ne ya ɗauko musu kofin ko ƴan baya?

Dan Barnawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni dai ban daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, wani abokina ne ya ja ni, kuma wasan farko da na zauna na kalla tun daga farko har ƙarshe shine Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar NFL, na 9 ga Fabrairu 2025 tsakanin Philadelphia Eagles da Kansas City Chiefs, sha biyu da rabi na dare aka fara a agogon mu, aka ɗauke wuta muka tada janareta muka kai har wajen asuba a ɗakinsa a Barnawa. Abun da ya ɗaure min kai, kowa cewa yake Mahomes, mai jefa ƙwallon Chiefs, ba a iya masa kuma Chiefs za su ɗauka karo na uku a jere, sai ga Eagles sun yi musu 24-0 kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 40-22. To dan Allah masana, mene ne sirrin su a kakar nan? Naji ana ta Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallon Eagles, amma a ranar ban ga ya yi wani abun kirki ba.

Abban Khadija:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka auna Barkley da dare ɗaya. Eh a ranar yadi 57 kawai ya gudu, amma ai saboda Chiefs sun tare shi da duk ƙarfin su ne shi ya sa Hurts, mai jefa ƙwallon Eagles, ya samu fili har ya zama gwarzon wasan. Barkley ɗin nan ƙungiyar New York Giants suka sake shi ya taho Philadelphia, ya gudu yadi 2,005 a wasa 16, in ka haɗa da wasannin sili ɗaya ƙwale ya kai 2,504, ba wanda ya taɓa yin haka a kaka ɗaya. Kuma ka tuna a 2023 Eagles sun fara da ci 10 faɗuwa 1 sannan suka watse, Tampa Bay ta fitar da su 32-9, babban ɗan wasansu Jason Kelce ya yi ritaya, mu magoya baya wallahi mun ɗauka sai an kori koci Sirianni. Zuwan Barkley ne ya dawo mana da rai.

Sani Kawo:
Yaya Abban Khadija ina girmama ka amma nan kam ban yarda ba. Ƴan baya ne suka ci kofin nan. Vic Fangio, kocin ƴan baya da aka ɗauko, ya gyara tsaron, ka duba fa mutum huɗu na gaba kawai suka ishi Mahomes, sau 6 suna kada shi da ƙwallo a hannu, sau 2 ana cafke jifar sa, Cooper DeJean sabon yaro ya cafke ɗaya ya ruga da ita har gida kuma ranar ce ranar haihuwar sa, ɗayar kuma Zack Baun ne wanda kafin kakar nan ba kowa ya san shi ba. Sai da aka kai 34-0 kafin Chiefs su samu maki ko ɗaya, sauran makin nasu ma an riga an gama wasa. Kuma akwai namu a cikin su, Moro Ojomo, haifaffen Legas ne.

Abban Khadija:
Na yarda da kai a wasan ƙarshe Sani, amma wa ya kai su can? Ranar da suka yi wa Washington 55-23 taɓawar Barkley ta farko yadi 60 ya tafi da ita. Abun da har yau yake min ciwo shine ajiye shi da aka yi a wasan ƙarshe na kaka kafin a shiga sili ɗaya ƙwale, saura yadi 101 ya karya tarihin yawan yadin gudu a kaka ɗaya da Eric Dickerson ya kafa a 1984.

Maman Ilham Malali:
Malam ai gara da aka hutar da shi, da ya ji ciwo a wasan da ba ya ƙara musu komai da yanzu wani zancen ake. Ni layin gaba nake so ku ambata, su Lane Johnson da Mailata wanda ɗan rugbi ne daga Ostireliya, su ke buɗe masa hanyar ai. Dan Barnawa ka nemi wasan su da Rams cikin dusar ƙanƙara a watan Janairu ka kalla, ka bar kallon mai ƙwallo ka sa ido kan mutum biyar ɗin nan na gaba.

Dan Barnawa:
Na gode ƙwarai Hajiya, yau da dare zan neme shi in Allah ya yarda.