Neman shawara: na ce wa maƙwabciyata "I am lonely", yanzu ta ɗauka ina cikin damuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake yi a Manchester, ni kaɗai ce a ɗakina. Wata dattijuwar Baturiya maƙwabciyata ta tambaye ni da wa nake zama, na ce mata "I am lonely". Tun daga ranar kullum sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa, har takarda ta kawo min mai lambar wayar masu sauraren waɗanda damuwa ta yi wa yawa. Ni kuwa lafiyata ƙalau, nufina babu kowa a ɗakin sai ni. Wai me na gaya mata ne? Kuma yaya zan gyara ba tare da na watsa mata ƙasa a ido ba?

Malamin Turanci, Kano:
Wa alaikumus salam. Malama, ce mata kika yi kaɗaici yana cin ki a rai. Kalmar da kike nema ita ce "alone", wato babu kowa tare da ke, ko kina jin daɗin hakan ko ba kya ji. "Lonely" kuwa abin zuciya ne, mutum ya ji ba shi da wanda zai zauna da shi su yi hira. Amaryar da aka kai babban gida mai cike da mutane, ba ta san kowa ba, tana iya zama "lonely" alhali ba ta taɓa zama "alone" ba. Da kin ce "I live alone" ko "I live on my own", da shi ke nan. Ɗalibaina kuma har "I live lonely" suke rubutawa, suna ganin harafan ƙarshen sai su zaci 'yar uwar "quickly" ce. A'a, sifa ce irin "friendly", shi kansa kaɗaicin kuma ana ce masa "loneliness".

Wata ma'aikaciyar jinya, Birmingham:
Ƙanwata, kada ki ga baiken matar nan. A ƙasar nan ba wasa ake yi da kalmar ba. A 2018 gwamnatin Firaministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta ɗora wa minista guda, Tracey Crouch, alhakin matsalar kaɗaici, Japan ma ta yi irin haka a 2021. A wurin aikinmu idan majinyaci ya furta ta, sai mun bi ba'asi. Kuma ni zargina ita ma dattijuwar tana fama da abin da take tsoron kina fama da shi, tsofaffi da yawa nan su kaɗai suke zaune. Ki yi mata bayani, amma kada ki rufe mata ƙofa. Ki dafa shinkafa ki kai mata, ki dai rage yaji.

Wani ɗan uwa, Zariya:
Ai sai ta ce tana son "solitude", ko ba ita ce keɓewar da mutum ya zaɓa da kansa ba?

Malamin Turanci, Kano:
Ma'anar haka take, Malam, amma kalmar littafi ce. A bakin ƙofa za ta yi nauyi. "Lonesome" ma akwai ta, sai dai Amurkawa suka fi amfani da ita.

Wata Anti, Kaduna:
'Yata, Allah ya sa tsohuwa kika gaya wa. Ki kiyaye faɗar wannan magana ga namiji a makaranta ko a saƙon waya, wani zai ɗauka ƙofa kika buɗe masa.

Mai tambaya:
Kai, Anti, na gode da wannan! To Malam, idan kewar gida ce fa? Gaskiya a Disamba, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe 4, nakan tuna Umma da ƙannena sosai.

Malamin Turanci, Kano:
Wannan ita ce "homesick", ko ki ce "I miss my family". Kewa tana da wanda ake yi wa ita, shi ya sa ba a fassara ta da "lonely". Ga abin da za ki ce wa maƙwabciyar taki gobe: "I meant I live alone. I'm not lonely, just a bit homesick sometimes. Thank you for checking on me." Idan ta gayyace ki shan shayi, ki je.